Madugu a Ƙarshen Magana: Tafiyata Sansanin Mango

Ranar Alhamis, bayan an idar da sallar La'asar, muna zaune a zauren Liman: shi Liman, da Sarkin Pawa, da Tanimu maƙeri, da ni. Tanimu ya sake tayar da maganar tafiyata. Ya ce, "Ladan, wai da gaske ne ka dubi Bature ido da ido ka ce masa zai mutu?" Sarkin Pawa ya ce shi cewa aka yi na mare shi. Liman ya ce shi kuma labarin da ya iso masa, wai na musuluntar da shi. Tun da na dawo ba ni da sakat. A masallaci tambaya, a kasuwa tambaya, kuma kowa sai ya ɗauko ni daga tsakiya. Ni ba na fara abu daga tsakiya. Saboda haka na ce zan rubuta shi sau ɗaya, daga fari har ƙarshe, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Karatuna ba mai zurfi ba ne, na allo ne da ɗan abin da zai gyara ibada. Kalmomin Jamusawa kuwa na rubuta su yadda kunnena ya ji su, kada wani ya kama ni da laifi.

Dalilin tafiya shi ne farko. Sunana Iliyasu, ni ne ladanin unguwarmu a nan Birnin Gwari, kuma ni ne ɗan fari a ɗakinmu. Sallau shi ne auta. Shekarun baya ya bi fataken Gwanja yana kora musu jakuna, daga nan shiru. Inna ta tsufa, idonta ya fara yana. Ba ta taɓa kama sunana ba, kamar yadda aka sani tsakanin uwa da ɗan fari. In za ta yi mini magana sai ta dubi bango ta ce "wannan". Amma Sallau, sunansa ba ya sauka daga bakinta. Da wani falke ya dawo ya ce ya gan shi a Sansanin Mango, ƙasar da ke hannun Jamus, ɗaure da farin ƙyalle a ƙugu yana yi wa Bature girki, sai Inna ta ture akushi. Ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wannan, ni dai na mutu. In ana so in ga autana kafin idon ya rufe, to. In ba a so, to." Na bar wa na'ibi kiran salla, na jira ayari.

Ayarin Madugu Jatau ne ya sauko daga Kano ta Dogon Dawa, da jakuna ɗauke da kanwa da baƙaƙen riguna. Na shiga cikinsu. Ku lura da tsarin ayari, don zai dawo a gaba: jagaba yana gaba, kaya suna tsakiya, madugu yana can baya. Ba a cewa ayari ya sauka sai madugu ya iso.

Dajinmu kun san shi, ba sai na faɗa ba. Abin da ya same ni a ciki kaɗai zan ambata. Bayan Randagi na ajiye ƙunshin dakuwar da matata ta yi mini guzuri, na tayar da salla. Ina cikin raka'a ta biyu wani gwaggon biri ya sauko ya zauna daidai gabana, ya kwance ƙunshin da natsuwa, yana ci yana kallona. Ban yanke salla ba. Da na sallame ya riga ya gama, ya bar mini ganyen. Fatake suka ce sadaka ce. Na ce sadaka da niyya ake yin ta.

Muka haye Mariga, muka ratsa ƙauyukan Kamukawa, muka wuce Kwantagora har muka kai bakin Kwara. A nan aka sa mu cikin kwalekwale, jakuna suna iyo a gefe an riƙe musu kai. Mai fito ya ce kowa ya zauna kada ya motsa. Na ce masa ya kamata a jera mutane bisa nauyinsu, manya a tsakiya. Ya ce, "Malam, ka taɓa tuƙi?" Na ce a'a. Ya ce, "To riƙe kunnen jakin nan." Haka na haye Kwara da kunnen jaki a hannu.

Ƙasar Bargu abincinsu doya ce, su kirɓa ta ta yi danƙo, in ka haɗiya sai ka ji ta tsaya a ƙirji tana shawara. Na nemi tuwon dawa da miyar kuka, matar masauki ta yi dariya har ta kira maƙwabta su zo su ga mai nema. A can muka shiga hannun Faransi. Su ba su da wani tsari da na gane: yau a tsayar da ku, gobe mai tsayarwar yana barci. Muka wuce Nikki, muka wuce Zugu.

Iyakar Jamus kuwa ba sai an gaya maka ba. Hanya ce ta miƙe fetal kamar an ja zare, an share ta, an dasa itatuwa a jere dama da hagu. Ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni. Na ce wa Madugu, "Ga mutanen da suka san jeri." Ya ce, "Bari ka ga bayan waɗanda suka share ta." Na gani daga baya, kuma shi ke da gaskiya: bulala ce ta share hanyar. Muna cikin haka wani soja ya fito daga rumfa ya daka tsawa, "Halt!" Jakunan gaba, da yake sun saba hanyar, suka tsaya cak. Ni na ci gaba da tafiya, sai da Madugu ya fizgo wuyan rigata. Ya ce, "Cewa ya yi tsaya. Jaki ya ji, ladan bai ji ba?" Wannan ita ce kalmar Jamusanci ta farko da na koya, kuma jaki ya riga ni.

A Sansanin Mango akwai zangon Hausawa babba, da masallaci da mahauta da komai. Na sauka gidan Baba Na'Allah, wani dattijo Bakatsine, shi ne ya tsaya wa Sallau aka ɗauke shi aiki a bariki. Da yamma sai ga Sallau. Ya yi ƙiba, yana ƙamshin albasa. Ya durƙusa ya ce, "Yaya! Inna fa?" Na ce, "Tana nan. Tashi ka haɗa kayanka." Ya ce, "Yaya, ai ba a haka. In na gudu, Baba za a kwantar a tsakar bariki a zane." Baba Na'Allah ya shafa bayansa ya ce, "Ɗana, bayan nan ya tsufa."

Sai an nemi izinin Baturen ke nan. Mutanen zango suna kiransa Jan Wuya. Sabon zuwa ne, ba ya jin Hausa, sai ta bakin tafinta. Na ce to mu je wa tafinta. Sallau ya ce, "Yaya, tafinta kullum a tukunyata yake ci. Ranar da na tafi, ranar zai koma tuwon zango. Sau nawa ina neman izini ta bakinsa, in ce ina so in je gida, shi kuma ya gaya wa Bature wai na ce ina jin daɗin gidan." Na ce, "Kai fa, duk zaman nan ba ka koyi harshen ba?" Ya ce ya iya "yabol", wato to. Ya san "nisht", wato babu, ita ce ya fi ji. Ya kuma iya "ish komme", wato ina zuwa, amma ya daina faɗinta, don ranar da Jan Wuya ya kira shi yana kan hanyar kicin, ya ce "ish komme" ya ci gaba da tafiyarsa kamar yadda kowane mai hankali ke yi, sai da takalmi ya same shi a ƙeya. Ashe su in sun ce ina zuwa, zuwan suke yi.

Baba Na'Allah ne ya haɗa ni da Akawu Kwami, mutumin bakin teku mai kula da sito a bariki. Ya yi makarantar Jamusawa a garinsu, harshen yana bakinsa kamar ruwa. Hausarsa ce gurguwa, kuma yana son gyara ta, don ya ƙyalla ido a kan kujerar tafinta. Muka shirya: in ba shi Hausa, ya ba ni Jamusanci, kullum bayan Azahar a inuwar sito. Ranar farko ya tarbe ni da cewa, "Malam, kin zo? Zauna, ta sha ruwa." Na ce masa daga nan za mu fara.

Ga abin da na koya, bi da bi.

Mu a Hausa kalmar aiki, wadda malamai ke ce wa fi'ili, zaune take daram. Mai aikin ne ke sake riga: na ci, ina ci, zan ci, ka ci, ta ci. Ci yana nan ci. Su kuwa kalmar ce ke sake wutsiya ga kowane mutum. Ni "komme", kai "komst", shi "komt". Kwami ya ce dole in haddace su a jere: ni, kai, shi ko ita, mu. Na ce wannan ba wuya, haka aka koya mana allo. Na riƙa rangaji ina maimaitawa har yaran zango suka ɗauka wani sabon wuridi ne.

Sai abin da ya wuce. A nan suna raba aikin gida biyu. Akwai ƙaramar kalma da ke shiga gaba, "habe" ko "bin". Ita kuma babbar kalmar a ɗora mata hula a ka, wato "gi", a tura ta can ƙarshen magana. Duk sauran kaya, wa da wa, a ina, yaushe, da me, suna tsakiya. Kwami ya zana mini a ƙasa. Na duba na ce, "Ai ayari ne. Ga jagaba, ga kaya, ga madugu a baya." Ya ce bai san ayari ba, amma in hakan zai sa in riƙe, to ayari ne. Ya ce shi ya sa ba a katse Bajamushe: har ya kusa rufe baki ba ka sani ba ko ya ba ka ne ko ya ƙwace. Na ce da za a kawo wannan doka zauren Liman da an huta.

Na tambaye shi yaushe ake sa "habe", yaushe "bin". Ya ce yawanci "habe", amma tafiya da zuwa da zama wani abu da mutuwa, jagabansu "bin" ne, in ga mace ko wani ne kuma ya koma "ist". Na ce tafiya da mutuwa jagaba ɗaya? Wannan kam sun yi daidai, ko malaminmu haka ya ce. A ranar dokin bariki ya mutu, Kwami ya nuna shi ya ce, "Ist gishtorban." Na riƙe.

Abin da ke tafe kuma jagabansa wata kalma ce da bakina ya kasa, sai na ce mata "barde". Kwami ya yi ta cije leɓe yana nuna mini, na ce barde dai. Ni "barde", kai "birst", ita "bird", mu "bardan". Madugu yana baya kamar kullum, amma ba hula.

Na fara jin daɗin harshen, sai Kwami ya ɓata mini rai. Ya ce duk ƙa'idar nan raunanan kalmomi ne ke binta. Akwai waɗanda ake kira masu ƙarfi, su ba ruwansu da doka, kowacce yadda ta ga dama take juyawa, sai dai ka haddace ta da halinta. Na ce, "Masu ƙarfi ba sa bin doka, raunana ke bi?" Ya ce haka ne. Na ce, "To wannan ba sai na zo Mango ba." Ya dubi wajen bariki ya ce in rage murya.

Shi ma ya sha wuya a hannuna. Wata rana da muka tashi na kaɗe riga na ce masa da harshensu, "Ish bin gigangan," wato na tafi. Ya ce, "Malam, ƙarya! Ga ki tsaye!" Na ce, "Ga ka. Kuma haka ake sallama. Na tafi." Ya ce, "Ba ka tafi ba!" Na ce niyya ta riga ta tafi, ƙafa ce ta rage. Ya riƙe kai ya ce, "Ku in kuna tafiya ku ce kuna zuwa, in kuna tsaye ku ce kun tafi. Yaya ake kama ku?" Na ce ba a kama mu.

Kalmarsu ta uwa kuma "Mutta". Na ce ba za a sake mata suna ba? Ta yi kusa da mutuwa, abin da ake gudu. Ya ce ba shi ya raɗa ba.

Da na ga na ƙoshi, muka tsara maganar da zan yi, gajeriya: uwata ta tsufa, ka ba ni ƙanena. Uwata ta tsufa shi ne "Maine Mutta ist alt gibordan." Kwami ya ja mini kunne a kan abu biyu. Kada in ce wa Bature "du", wato kai; wannan na yara ne da dabbobi, babba "Zi" ake ce masa, kamar yadda muke ce wa manya ku. Kuma shi in an shiga ofis ba shi da baki, akawu ba ya magana sai an tambaye shi.

Da hantsi aka shigar da ni. Jan Wuya yana bayan tebur, wuyan nan kamar an shafa masa manja. Tafinta a tsaye a dama, Kwami a lungu da alƙalami, Sallau a bakin ƙofa da butar shayi. Tafinta ya ce, "Malam, faɗi, in juya." Na ce, "Na gode, na zo da bakina." Na gyara tsayuwa, na tura jagaba, na jera kaya, na kira madugu. Sai dai madugun da ya amsa ba shi na kira ba. Na ce, "Maine Mutta ist alt gishtorban."

Ina so a fahimta. "Gibordan" da "gishtorban", hularsu ɗaya, wutsiyarsu ɗaya, jagabansu ɗaya. Harshen da ya ɗinka wa tsufa da mutuwa riga iri ɗaya, shi ya kamata a tuhuma.

Alƙalami ya faɗi daga hannun Kwami. Sallau bai san komai ba, amma ya san "gishtorban", don shi ma yana wurin ranar doki. Ya saki buta ya kurma ihu, "Inna! Yaya, ka ɓoye mini!" Ya fita a guje yana salati. Jan Wuya ya miƙe, ya cire hularsa, ya yi wata magana a hankali. Tafinta, fuskarsa fal murna, ya ce, "Ya ce Allah ya ji ƙanta. Ya ce tun da ta riga ta rasu, babu sauran gaggawa, kuku ya zauna. An ba shi yinin yau ya yi kuka."

Kafin in isa zango labari ya riga ni. Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar Baba Na'Allah, liman ya zo, mata sun fara dakan gumba. Kowa ya tare ni da "Ya haƙuri?" Na ce, "Jama'a, tana da rai." Wani tsoho ya dafa ni ya ce, "Haka ne, Malam, uwa ba ta mutuwa a zuciya." Na ce, "Na ce muku na bar ta tana kaɗi!" Ya ce, "Allah Sarki, har ranar ƙarshe tana aiki." Sai da Kwami ya zo da kansa ya rantse da abin da yake bauta wa, ya ce, "Malam ne ta kashe shi da baki," sannan aka naɗe tabarmi. Gumba dai an cinye ta.

Yanzu aiki ya zama biyu: in tayar da Inna, in kuma nuna akwai gaggawa. Kwami ya ce Jan Wuya ya tsani ƙarya fiye da komai, in ya ɗauka wasa nake masa, bulala ce, kuma Sallau ya zauna ke nan. Ya ce mafita ɗaya: in ce ba ta mutu ba, amma za ta mutu. Na ce ɗa ba ya faɗin haka a kan uwarsa. Ya ce, "Ƙarya ne?" Na ce ba ƙarya ba ne. Ya ce, "To?" Na tuna yanar idon nan, na ce ya koya mini. Ya koya mini a jere, yadda muka saba.

Washegari na koma. Na ce, "Maine Mutta ist nisht gishtorban." Jan Wuya ya ajiye abin da ke hannunsa. Wuyan ya ƙara ja. Ya yi tambaya gajeriya, tafinta ya yi caraf ya ce, "Ya ce jiya matacciya, yau rayayya, gobe fa?"

Gobe ita ce na zo da ita. Na buɗe baki in ce za ta mutu, sai na nemi kalmar na rasa. Duk wanda ya yi allo ya san wannan: a ce maka ɗauko daga tsakiya, sai kai ya yi duhu, dole ka koma farkon sura. Na koma farko. Na rufe ido, na fara rangaji, na ɗaga murya irin ta kiran Asuba, don ba ni da wata.

"Ish barde shitarban!" Zan mutu.

"Du birst shitarban!" Za ka mutu.

Na ji kujera ta faɗi. Na buɗe ido na ga Jan Wuya tsaye, hannunsa a kan bulalar da ke tebur. Na ce masa zai mutu, na kuma ce masa "du". Kwami, wanda ba shi da baki, na ji yana raɗa daga lungu, "Ƙarasa, Malam, ƙarasa!" Ai ko bai faɗa ba, ni ba na barin karatu a tsakiya.

"Zi bird shitarban. Maine Mutta." Za ta mutu, uwata. Na nuna gabas. Saura ɗaya a jerin, na cika: "Bia bardan shitarban." Za mu mutu. Na zagaya da hannu, har da tafinta. Sannan na nuna Sallau na ce, "Main Buruda," wato ƙanena, na nuna idona, na sake nuna gabas. Jamusancina ya ƙare.

Jan Wuya ya daɗe yana kallona. Ya ɗauke hannu daga bulala, ya tayar da kujerarsa ya zauna. Ya dubi wani ɗan hoto na wata tsohuwa mai farin kai da ke jingine a teburin. Sannan ya fara magana, a hankali, yana dubana ni, ba tafinta ba.

"Ish barde," ga jagaba, abin da ke tafe ne. "Dainan Buruda," ƙanenka. Sai kaya suka yi ta wucewa, dogon ayari, ban gane ko ɗaya ba. Sai na ji "nisht". A daidai nan ƙuda ya sauka masa a hanci, ya tsaya kora.

Sallau ya zube ƙasa ya ce, "Shi ke nan, Yaya, nisht ce." Tafinta ya washe baki ya fara, "Ya ce ba zai..." Na ɗaga masa hannu na ce, "Yi shiru. Madugu bai iso ba."

Jan Wuya ya gama da ƙuda ya ce, "Haltan."

Halt. Kalmar da jaki ya riga ni ji. Ba zan tsayar da ƙanenka ba. Na ce wa Sallau, "Tashi, ka kwance ƙyallen nan." Daga baya na tambayi Kwami kayan da ke tsakiya. Ya ce cewa ya yi, ƙanen nan naka da ke cika mini gishiri a miya kullum. Sallau ya ce sharri ne. Na ci girkinsa a hanya. Ba sharri ba ne.

Muka biyo ayarin goro muka dawo. Kwami ya rako mu har bakin gari, ya tsaya ƙyam ya ce, "Malam, na tafi," yana dariya, ya kuma ce mini ka, ba ki ba. Ban san ko ya sami kujerar ba. Hanya ba abin faɗi, sai dai a Kwara mai fiton nan ya gane ni, ya miƙo mini kunnen jaki tun ban yi magana ba.

Muka shigo gari da walaha. Tun daga Randagi nake tunanin abin da bakina ya faɗa a kan Inna har sau biyu. Muka yi sallama. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki da mazari a hannu. Ta ɗago, ta ƙanƙance ido, ta daɗe, sannan ta ce, "Sallau?" Ya faɗa jikinta. Ta shafa fuskarsa, ta matso da ita dab da nata idon, ta ce, "Ka yi ƙiba, ɗan banza, ni ina nan na mutu." Na ce a raina, ist nisht. Ina tsaye da ƙurar ƙasa uku a ƙafata, ba ta dube ni ba. Can ta juya wajen bango ta ce, "A dama wa wannan fura. A sa masa nono da yawa. Ya yi tafiya." Tun da aka haife ni ban ji ta ƙara ko kalma ɗaya ta kulawa a kan "wannan" ba sai ranar.

To ga shi, daga fari har ƙarshe. Ban mari kowa ba, ban musuluntar da kowa ba. Abin da nake roƙon duk wanda ya karanta ko aka karanta masa: kada maganar gumbar Mango ta shiga kunnen Inna. Sallau ya rantse, ni ma na rantse. Tanimu, da kai nake, don matarka tana shiga gidanmu. In kuwa har ta ji, to a bar ni in yi mata bayani da kaina, kuma kada wanda ya katse ni sai madugu ya iso.